Fasfon Auta a Hannuna

Tun kafin jirgin ƙanena ya sauka Abba ya kira ni sau uku, kuma magana ɗaya yake maimaitawa: da zarar ya fito, kafin ya sha ko ruwa, in karɓe fasfonsa. Haka kuwa na yi. Ƙanena, autan gidanmu, ya fito daga ƙofar masu isowa yana jan akwati ɗaya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya rusuna zai gaishe ni a tsakiyar mutane, ni kuwa hannu na miƙa masa na ce, "Kawo." Bai tambaye ni abin da zai kawo ba. Ya zaro shi daga aljihun gaba ya ba ni, sannan muka gaisa. Shekarunsa ashirin da huɗu a lokacin. Ni kuma ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir a Kuala Lumpur, ina zaune da matata da 'ya'yanmu biyu a wani gidan sama a Taman Melati.

Dangi dai an gaya musu karatu ya tafi, kuma an samo masa gurbi a wata kwaleji mai zaman kanta a Bukit Jalil. Amma mu bar wasa, korarsa aka yi. Auta ya faɗa shan maganin tari, irin wanda samarin unguwarmu a Kano suke juyewa a robar lemo su zauna a bakin layi suna kurɓa. Ya sayar da wayarsa, ya sayar da ta ƙanwata wadda yake bi, ranar da abin ya kai maƙura ya buɗe akwatin Umma ya kwashe gwal ɗinta kaf, har da 'yan kunnen da mahaifiyarta ta bar mata. Abba ya so ya miƙa shi ga hukuma, baffanninmu suka taru suka ce abin kunya ne, a tura shi wurin yayansa kawai, can ba shi da abokan banza, kuma ba ƙasar da ake dawowa a mota ba ce. Abba ya yanke masa shekara huɗu. Ba hutu, ba Sallah, sai ya dawo da takardar digiri a hannu.

Ba na nan ranar da ya yi sallama da Umma, ƙanwata ce ta ba ni labari, shi ma daga baya ya faɗa mini da bakinsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana kuka, ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Tashi ka tafi. Ka je ka gyaru, ka dawo ka tsaya a gabana in gan ka da idona, sannan ka roƙe ni." Umma ba mai riƙo ba ce, duk gidan an sani shi ne ɗan lelenta. Gani ta yi idan ta ba shi yafiyar nan a arha, ba abin da zai hana shi komawa ruwa. Ko a waya, duk ranar Lahadi za ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi sallah, amma da ya soma cewa, "Umma, maganar nan...", sai ta katse shi: "Na ce maka sai ka dawo."

Abin da nake karanta a lokacin shi ne tarihin yadda Turawan Ingila suke loda masu laifinsu a jiragen ruwa su kai su Ostireliya. Abin da ya kawo ni Malesiya ma ke nan, domin su dai Turawan sun riƙa kwaso fursunonin Indiya suna jibgewa a Penang da Melaka, ni kuma kundina yana kwatanta biyun ne. Kullum ina laburare tun safe, ina bin hotunan tsofaffin rajistocin jirage a kwamfuta. Rubutu ne na hannu, layi bayan layi: tsawon mutum, launin idonsa, tabon da ke jikinsa, sannan laifinsa. Wannan hankici ya sata, wancan tunkiya, wata mata kuma yadi ɗaya ta ɗauka a kanti. Hukunci iri uku ne yawanci, shekara bakwai, ko goma sha huɗu, ko rai da rai. Kafin a samu jirgi sai a ajiye su a cikin tsofaffin jiragen yaƙi da aka ɗaure a bakin kogi, saboda kurkukun ƙasa ya cika. Tafiyar kanta watanni ce a kan teku. Wanda ya kuskura ya dawo gida kafin wa'adinsa ya cika, igiya ce take jiransa. Wasu kafin a tashi sukan samu kwabo su goge shi har ya yi sumul, su karta sunansu da 'yar magana a kai, su bar wa uwa ko mata, don kowa ya san ganin ƙarshe ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ake yi da su idan sun isa. Sai a raba su ga Turawan da suka je da kansu, su yi musu noma da kiwo da aikin gida. Akwai wata takardar sassauci da ake ba fursuna idan ya nuna hali na gari, ya fita ya nemi na kansa, amma maganar ubangidansa tana da nauyi ƙwarai wajen samunta. Idan ubangida ya ce malalaci ne, an gama. Idan fursuna ya kai ƙara, da wuya a ɗauki maganarsa a kan ta ubangida, tunda an riga an san ɓarawo ne. Da la'asar nakan haɗu da 'yan uwana ɗalibai a shagon mamak, wato mai shayin Indiyawa, na kusa da tasha, mu sha shayin madara da roti, in yi ta bambami ina buga tebur: "Ku ji mugunta! Mutum ya saci hankici, ku raba shi da uwarsa har abada!" Su kuma da sun hango ni sai wani ya ɗaga murya, "Dakta, yau mutum nawa aka loda?"

A gida kuwa ni ne mai gadi. Auta yana kwana a ƙaramin ɗaki tare da akwatunanmu. Makonnin farko sun yi muni, zufa da amai da karkarwa, matata ce ta yi ta fama da shi da kunu da farfesu, ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa shi ya jawo wa kansa. Da ya samu kansa na gindaya masa dokoki. Ya fita ƙarfe bakwai, ya hau jirgin ƙasa na LRT, ya canja a Masjid Jamek, ya sauka a Bukit Jalil, ya turo mini hoton ƙofar aji. Magariba a gida za ta same shi. Idan ya shigo sai ya tsaya a gabana ya hura mini iskar bakinsa, in ɗaga fatar idonsa in duba. Duk Juma'a idan mun dawo daga masallaci, lokacin gari ya waye a Kano, sai in kira Abba in ba shi rahoto. Fasfon kuwa ban yarda ya kwana a gidan ba. Na sa shi a ambulan na liƙe, na kai lokata ta laburare, na cusa ƙarƙashin takardun babi na biyu.

Kada a ce ba ni da dalili, ina da shi. A wata na biyu ya zo ya ce in ba shi fasfo zai yi rajistar layin waya. Na bi sawu, sai na gano wani ɗan Najeriya mai sayar da tikiti ya yi wa magana, yana tambayar jirgin Kano. Ranar na ci masa mutunci sosai, yaran har suka ɓuya a bayan uwarsu. Ya ce kewar gida ce kawai, ya ba ni haƙuri. Daga ranar na rufe littafinsa, duk abin da ya fito daga bakinsa sai na ɗauka akwai wata a ƙasa.

Alhali kuwa Auta ya gyaru, wallahi ya gyaru, ni ne ban yarda in gani ba. Ya yi ƙiba, fatarsa ta dawo. Shi yake tashina sallar asuba. Ya iya yaren Malay fiye da ni da na riga shi zuwa, mai shagon ƙasan benenmu har ajiye masa kaya take yi. Da azumi shi yake zuwa Kampung Baru ya bi layin kunun shinkafar da ake rabawa a masallaci, ya yo mana tapau, wato ƙunshin abinci, na kaza da kifi. Yarana da ba sa amsa mini da Hausa, sai Turanci da lah a ƙarshen kowace magana, shi ya zaunar da su har suka iya cewa "Ina wuni, Abba." Matata takan tsokane shi ta ce, "Auta, idan ka koma kai da Umma sai an shiga tsakani, don ba za ta gane ka ba." Sai ya yi dariya ya ce, "Ai Anti, har na haddace abin da zan ce mata."

Wata rana ina duba idonsa a bakin ƙofa, bayan ya shige ɗaki sai matata ta ce, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago ba, "Abban yara, waɗancan na cikin littafi da suka mutu tun tuni kana yi musu kuka a shagon shayi. Na cikin gidanka kuma kullum kana shinshina bakinsa." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata me ya haɗa ɗan'uwana da nake riƙo amana da fursunan Bature? Na ce idan ba ta san abin da maganin nan yake mayar da mutum ba, ta yi shiru. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ranar ban ci tuwonta ba.

A wajen wata na goma da zuwansa ya same ni a falo ya ce, "Yaya, makaranta sun ce mu kai fasfo, za a sabunta biza." Na san ana sabunta bizar karatu, ni ma ina yi. Amma a lissafina tasa da saura. Auta ya zo ne wata uku kafin a soma karatun digirinsa, ya yi kwas ɗin Turanci, ni kuma sai na sa a raina shekararsa tana farawa ne daga ranar da ya shiga aji na ainihi. Ashe daga ranar da ya shigo ƙasar take ƙirgawa. Ban taɓa buɗe ambulan ɗin nan na duba ba, ko sau ɗaya. Na dube shi na ce, "Wancan karon layin waya ne, yanzu kuma biza?"

Ya nuna mini saƙon a wayarsa. Na ce saƙo ai ko ɗana zai iya rubutawa. Na ce idan da gaske ne su kira ni, ni ne mai kula da shi. Ya ce, "Yaya, ba sa kiran kowa, ni ba ƙaramin yaro ba ne a wurinsu." Na ce to su bari, idan lokaci ya yi da ƙafata zan kai. Bayan mako biyu ya sake tayar da maganar, ina tsakiyar gyaran da malamar da ke duba kundina ta dawo mini da shi, jan biro ko'ina, na ce ya fita ya ba ni wuri. Karo na uku da safe ne, ina ɗaure takalmi zan tafi Penang duba takardu. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Don Allah, Yaya, ka je da shi da kanka, ba sai na taɓa ba. Ko ka buɗe kawai ka duba kwanan watan." Abu mafi sauƙi a duniya ya roƙe ni, amma ni a kunnena wani sabon salo ne. Na rantse masa da Allah idan ya ƙara furta kalmar fasfo a gidana, zan kira Abba in ce ya koma shan maganinsa, a ƙara masa shekara biyu. Ya daɗe a durƙushe. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni kuma na ce a raina, ka gani, da gaskiya ce da ya nace.

Wata huɗu bayan haka hawan jini ya kayar da Umma a tsakar gida. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Abba ya kira ni ina laburare, ya gaya mini, sannan ya ce kada in gaya wa Auta, jarrabawa ta matso, kada a ba shi dalilin lalacewa. Haka ake yi a gidanmu, wanda yake nesa shi ne na ƙarshe da yake jin komai. Na ce to. Kwana biyar ina cin abinci da shi a faranti ɗaya ina hira. Ranar Lahadi ya kira wayar Umma, ƙanwata ta ɗauka ta ce tana barci, ya sake kira ta ce tana banɗaki, a na uku ta fashe da kuka ta gaya masa komai.

Na ɗauka zai yi ihu, ko ya shaƙe ni. Fitowa kawai ya yi daga ɗaki da wayar a hannu, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya ce, "Yaya, ka roƙar mini Abba." Na kira Abba a gabansa. Muryar Abba ta canja a cikin kwanakin nan, likita ya riga ya gaya masa abin da bai gaya mana ba. Ya ce, "Ba shi fasfonsa. Ya taho." Na kashe wayar ina jin kaina kamar wani mai kyauta, na ce, "To, ka ji, gobe da safe zan ɗauko maka."

Ya ce, "Bizar ta mutu, Yaya. Wata biyu ke nan."

Na ce wace irin magana ce wannan. Sai ya gaya mini sauran. Tun da wa'adin ya wuce makarantar ta hana shi shiga aji. Kullum yana fita ƙarfe bakwai kamar yadda na umarta, ya hau jirgi, ya je ya ɗauki hoton ƙofar aji ya turo mini, sannan ya wuce wani lambu a Bukit Jalil ya zauna a kan benci har la'asar, yana ɓuya idan ya hango mai kaki. Na ce don me bai gaya mini ba? Ya dube ni kawai, sai na tuna rantsuwar da na yi masa. Washegari na buɗe lokar, na yage ambulan ɗin a tsaye, na ga kwanan watan ɓaro-ɓaro a jikin takardar da aka manna. Na zauna a ƙasa a tsakanin lokoki, ɗalibai suna wucewa suna kallona.

Muka je kwalejin. Matar ofishin ɗaliban waje ta karɓe mu da mutunci, ta buɗe fayil ta nuna mini wasiƙu uku da suka ba shi. Ta ce yanzu abin ya fita daga hannunsu, sai dai ya je ofishin shige da fice ya miƙa kansa, ya nemi takardar fita ta musamman, kuma ba ta san kwana nawa za a ɗauka ba. Wani dattijon malamin jami'a ɗan garinmu, wanda ya fi shekara goma a ƙasar, shi ma abin da ya ce ke nan: a bi ta ofis, a samu lauya, a yi haƙuri. Amma daga Kano saƙo yake zuwa cewa Umma ta daina haɗiyar ruwa. Ni kuma kunya da haushin kaina sun rufe mini ido, so nake in gyara ɓarnar wata huɗu a kwana ɗaya. Na ce wa dattijon, "Haba Malam, mai fita ai ba a riƙe shi. Su da suke so ya bar musu ƙasa? Iyaka su yi masa faɗa su buga masa tambari." Ya ce, "Dakta, nan ba haka ba ne." Ban saurare shi ba, na sayi tikiti.

Auta ya tambaye ni sau ɗaya a cikin mota, muna hanyar filin jirgi da hantsi, "Yaya, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Matata ta ɗaure masa ledar man zafi da wani lallausan mayafi ya kai wa Umma. Muka auna akwati, aka ba shi katin shiga jirgi, har na soma cewa alhamdu lillahi. Na tsaya a bene ina hangensa a layi, fasfonsa a hannunsa karo na farko tun ranar da ya sauka. Jami'in ya buɗe, ya duba kwamfuta, ya ɗago ya dube shi, sannan ya kira wani. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka nuna masa wata ƙofa a gefe, ya waiwayo yana nemana a cikin mutane, bai gan ni ba. Na tsaya a wurin har jirgin ya tashi.

Sauran duk bin ofisoshi ne. Lauya ya ce doka ce, kuma ba abin da suka yi ba daidai ba: za a kai shi kotu, ya yi zaman da aka yanke masa, sannan a mayar da shi sansanin tsare baƙi har a kammala takardun korarsa. Abba na ce masa matsalar takarda ce aka samu. Ya ce ƙaddara ce, ya ma sa mini albarka saboda wahalar da nake sha. Na karɓi albarkar na yi shiru, kuma har yau idan na tuna sai in ji na tsani kaina. Kundin nan ko buɗe shi ban iya yi ba a watannin.

Umma ta rasu kwana tara bayan an kama shi, ranar Talata da safe a can, da la'asar a nan. Ni ma ban samu jana'izarta ba, amma ni ba ta riƙe mini komai ba. Na tambayi ƙanwata ko ta yi wata alama, ko an ambaci Auta ta gyaɗa kai, ko ta matsa hannu. Ta ce tun ranar da ta faɗi ba ta furta ko harafi ba, kwanakin ƙarshe ma idonta a rufe yake. Abba kuma ya ce kada a gaya masa sai ya iso gida.

Sai da aka mayar da shi sansanin aka ba ni izinin ziyara. Wuri ne a bayan gari, tafiyar sama da awa ɗaya tsakanin gonakin kwakwar manja. Na bi layi da matan Indonesiya da 'yan Bangladesh, kowa da ledar sabulu da biskit. Aka shigar da mu wani ɗaki mai gilashi a tsakiya, da wayoyi a jere. Da aka fito da shi sai da na dube shi sau biyu. An aske masa kai ƙwal, ƙibar nan duk ta zube, hannuwansa sun yi ƙuraje yana ta susa. Ya zauna ya ɗauki wayar, ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi Anti da yara. Sannan ya ce, "Yaya jikin Umma?"

Na zo da amsar Abba a bakina, da sauƙi, ana ta magani. Na buɗe baki sai ta ƙi fitowa. Ya zuba mini ido ta cikin gilashin, ya ga fuskata, sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita sau uku a hankali. Ya ce, "Yaushe?" Na gaya masa. Ya ƙirga da yatsunsa, ya gyaɗa kai. Bai yi kuka ba, ni ne nake yi, ina cewa ya yafe mini, laifina ne, ni na jawo. Kamar bai ma ji ni ba.

Ya ce, "Ta ce wani abu a kaina?"

Na ce, "Ta yafe maka. Ta ce a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Da wane baki, Yaya? Ai an gaya mini tun ranar da ta faɗi ba ta magana."

Na kawar da kai. Ta kusa da mu wata mata ce tana ta magana da sauri da yarensu, tana dariya tana share hawaye. Jami'in da ke bakin ƙofa ya ɗaga yatsa biyu, saura minti biyu. Auta ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa gilashin, ya danne wayar a kunnensa da hannu biyu.

Ya ce, "To, sake faɗa."

Na sake faɗa. Ya ce in ƙara. Ina cikin faɗa ta huɗu aka kashe layin.